Buhun taimako yana ƙarewa, gawon gona yana nan

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da aiki kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini rai.

Kowace shekara da an shiga bazara, rumbu ya yi ƙasa tiyar gero ta hau, sai ka ji ana ta zancen hatsi mai rahusa na gwamnati, mata da tsofaffi su kama layi tun da asuba. Ni wallahi ba na raina wannan. Duk wanda ya ga 2005 da idonsa a nan Maradi, yaran da ake kawowa daga ƙauye a goye ko kuka ba su iyawa, ba zai taɓa raina buhun hatsi ba. Amma buhu kwana nawa yake yi a gidan mutum goma? Sati biyu uku ya ƙare, baɗi kuma a dawo layin nan dai.

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a kwaleji, kuma darasin da na fi daɗewa a kansa shi ne na Amurka bayan kasuwar hannun jarinsu ta faɗi a Oktoban 1929. Zuwa 1933 cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki, bankuna dubbai sun rushe da kuɗin mutane a ciki, ga fari da guguwar ƙura sun kwashe ƙasar noma a tsakiyar ƙasar, abin da mu nan ba sai an yi mana bayaninsa ba. Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a Maris 1933 ya zo da shirin da suka kira New Deal, an raba abinci da kuɗi ƙwarai, amma yau in ka je can wa zai nuna maka miyar da aka raba? Abin da za a nuna maka daban ne.

Sun ɗebi samari marasa aiki kusan miliyan 3 cikin shekara tara, aka kai su daji suna dasa itace suna tare zaizayar ƙasa, ana biyan kowa dala 30 a wata (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba) kuma dole 25 daga ciki a aika gida wa iyaye, kun ga da kuɗi ɗaya yaro ya samu aiki, gida ya ci, ƙasa ta samu itace, an ce wajen biliyan 3 suka dasa. A 1933 ɗin dai suka kafa hukumar da ke lamunce ajiyar banki, in banki ya mutu ba za ka rasa kuɗinka ba, lokacin iyakarta dala 2,500 yau ta kai 250,000, tana nan tana aiki. Mu da muka ga yadda BDRN, bankin raya ƙasa na Nijar, ya durƙushe a 1990 mun san darajar wannan. A 1935 aka yi dokar fansho ta tsofaffi wadda wata mace, Frances Perkins ministar ƙwadago, ta tsaya a kai tsayin daka, har yanzu ita ke riƙe da tsofaffin Amurka. Wutar lantarki kuwa, a 1935 gida ɗaya cikin goma ne ke da ita a karkara, aka ba ƙungiyoyin manoma bashi suka ja waya da kansu, cikin shekara ashirin kusan kowa ya samu. Mu ko dam ɗin Kandaji na samar da lantarki da aka aza harsashinsa tun 2008 muna nan muna jira, har sai da aka yanke mana wuta daga Najeriya a 2023 muka ɗanɗana kuɗarmu.

Ba wai komai nasu ya yi daidai ba. Dokar fanshon da farko ta bar 'yan ƙwadagon gona da masu aikin gida a waje, a kudancin ƙasar kuma yawancinsu baƙar fata ne, sai a shekarun 1950 aka shigo da su. Rashin aiki ma bai gushe sarai ba sai da yaƙin duniya na biyu ya zo. Kuskuren fanshon nan ne ma ya fi ba ni tsoro don shi muke ciki, fansho a wurinmu na mai albashi ne kawai, manomi da ɗan kabu-kabu da mai tuyar ƙosai in ƙarfi ya ƙare sai abin da 'ya'ya suka kawo, in babu 'ya'ya sai bara.

Kuma kada wani ya ce ai wannan abin Turawa ne, mu ma mun yi irinsa a nan ƙasar Maradi. Lokacin yunwar 1984 da muke ce wa El Buhari, an yi shirin abinci a bakin aiki, sharaɗin shi ne manomi ya bar toho na kututturen da ke gonarsa ya gyara shi maimakon ya sare ya ƙone, abin da aka sa wa suna sassabin zamani, wani ɗan Ostareliya Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Mutane da yawa don hatsin kawai suka yarda, da aka daina bayarwa suka sare abinsu. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki a ƙofar gida, ga 'ya'yan gawo ga bisashe, gero kuma ya fi kyau a ƙarƙashinsa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Da manomi ya daina jin tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ya san iccen gonarsa nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram, masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Hatsin 1984 tuni an ci an manta, amma ka bi hanyar Agye zuwa Ɗan Saga ka ga gonaki.

To roƙona ga mahukunta shi ne, a ci gaba da sayar da hatsi mai rahusa, amma wani kaso na kuɗin a biya samarinmu da shi tun rani su haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama a fako, su gyara tafkuna da hanyoyin karkara, maimakon su kama hanyar Kano ko Agadas ci-rani. A cika bankunan cimaka tun kaka lokacin da gero ke araha, a sa dokar da za ta hana wani ya mai da su nasa in an canza shugaba. Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilinka Ɗan Saga ya zauna da tsofaffin da suka ƙi sare itacensu a wancan lokaci, ya ji daga bakinsu tun suna raye.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, unguwar Zariya, Maradi