Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Neman Sawun Marinin Kura da Ya Rasu a Burma

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba da 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa 'ya'ya da jikokin mazan jiya, ga bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon yi a wannan shekara, wadda ta cika shekara 80 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suka fi sani da yaƙin Hitila.

Mun ci gaba da taronmu na wata-wata a nan cikin birni, in ban da watan azumi da muka ɗage. Ranar 15 ga Janairu mun halarci bikin tunawa da mazan jiya, kuma da ƙaramar salla da babba mun kai gaisuwa da ɗan abin masarufi ga gyatumomin da mazajensu suka yi soja. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi daban, amma dole in faɗa cewa kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba, har wasu tafiye-tafiyen daga aljihun 'yan kwamiti aka yi su.

Aikin da ya cinye mafi yawan lokacinmu shi ne na wani bawan Allah mutumin Kura, wanda iyalinsa suka roƙi kada a buga sunansa, muka kuwa amince. 'Yarsa, wadda yanzu ta haura shekara 80, ita ta aiko jikanta wurinmu, tana cewa ba ta neman fansho ko diyya, so take kawai ta san ƙasar da mahaifinta ya kwanta kafin nata lokacin ya zo. Tana goye ya tafi.

Marini ne, ɗan marini. Duk wanda ya san Kura ya san abin da wannan ke nufi a wancan zamani, domin garin ya yi suna wajen rini da bugu, kuma turkuɗinsa har cikin Sahara Buzaye ke nema. Dattawan unguwarsu da muka zauna da su sun ji daga iyayensu cewa yana da karofinsa da ya gada, ya iya haɗa baba da toka, kuma yakan ɗauko kaya da kansa zuwa kasuwar Kurmi. Ba mai yawon neman abin yi ba ne. Na tsaya a kan wannan ne saboda akwai maganar da ake yawan yi cewa marasa sana'a ne suka cika soja a lokacin, alhali a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da yaƙi ya yi zafi, ta hannun hakimai da dagatai Turawa suka riƙa neman mutane, kuma sau da yawa wanda aka nuna ba shi da bakin cewa a'a. Iyalinsa sun ce da shi aka cike adadin da aka ɗora wa ƙauyukansu.

Abin da ya buɗe mana hanya wata wasiƙa ce guda ɗaya da aka adana a cikin adudu, rubutun ajami, amma a samanta akwai lambar soja da boko mai farawa da NA. Ba don lambar nan ba da mun yi ta lalube a duhu, saboda magatakardan soja sukan rubuta sunan mutum ne su liƙa masa sunan garinsu, sai ka tarar da mutane da yawa masu suna iri ɗaya a rajista. Mun je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, mun kuma rubuta wa wani ofishi har sau biyu ba mu sami amsa ba. A ƙarshe wani matashi cikinmu ne ya gano lambar a intanet, cikin rajistar hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila.

Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, mai tambarin gizo-gizo. Daga Kano jirgin ƙasa ya kai su Ikko, daga can jirgin ruwa ya kewaya da su ta kudancin Afirka zuwa Indiya. A farkon 1944 suka shiga kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan na ƙasar Burma, bayan sun sare hanyar mota mai tsawon kimanin mil 75 a cikin kurmi da duwatsu da adda da gatari da diga. Abincinsu da harsasansu daga jirgin sama ake jefo musu. Shi kuwa yana cikin 'yan dako, waɗanda ke ɗaukar kayan rundunar a ka, yawancinsu ba bindiga a hannu. Ina ganin waɗannan su ne aka fi zalunta wajen tunawa, domin ba da su ba da rundunar ba ta motsa ko taki ɗaya a wannan ƙasa, har ma Runduna ta 82 da ta biyo baya gammo ne da mashi biyu a tambarinta.

Rajista ta nuna ya rasu a Maris na 1944, watan da Japanawa suka juyo da farmaki a kewayen garin Kyauktaw, dakarunmu suka ja da baya. Ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda mahaifinsa ya dawo daga wannan fage, ya tuna labarin da ya sha ji game da wani marini Bakano da abokansa ke gane shi da shunin da ya ƙi barin faratansa, wanda harbi ya same shi suna ƙetare rafi da kaya a ka. Sun yi masa salla a gurguje, suka binne shi a bakin ruwan, suka wuce. Kwamiti na ganin shi ne, kuma haka muka shaida wa iyalin, tare da bayyana musu cewa wannan ɓangaren ruwayar baki ce.

Ba shi da kabarin da aka sani. Sunansa na jikin bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, tare da kusan mutum 27,000 da suka mutu a yaƙin Burma ba a san makwancinsu ba. Mun buga hoton wurin, muka kai wa 'yar tasa, Hajiya, har gida a Kura. Ta sa jikanta ya karanta mata sunan sau uku, sannan ta ce a kira liman. Washegari aka yi sauka da sadaka, maƙwabta suka zo ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa da sauran abokan tafiyarsa.

Tun daga ranar, gidaje da dama daga Kura da Bunkure da Dawakin Kudu sun aiko suna neman a duba musu nasu. Kwamiti ya yanke shawarar cewa wannan ne zai zama babban aikin shekara mai zuwa, kuma za mu fara da waɗanda 'ya'yansu na cikinsu ke raye, saboda shekarunsu. Muna roƙon duk mai wasiƙa, ko takardar sallama, ko littafin albashi, ko wani abu mai ɗauke da lambar soja, ya zo da shi taron wata mai zuwa. Za a ɗauki hoto a mayar wa kowa kayansa nan take. Muna kuma buƙatar mutum biyu da suka iya karatun tsohon ajami su ba da sunansu ga sakatare kafin a tashi.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Ƙungiya, Kano.