Alherin da muke yi da sunan yayana

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ƴan bindiga sunka harbe yayana a hanyar Sabon Birni yana dawowa daga kasuwa, mutum ne da ko almajiri bai wucewa sai ya miƙa mai wani abu. Bayan sadakar arba'in munka yanke shawara da ƴan'uwa, duk Juma'a muna dafa tuwo mu kai ma ƴan gudun hijira da sunka baro Isa da Goronyo, in da hali mu biya ma mara lafiya kuɗin magani, Allah shi kai mai ladar. Wallahi ba sai mai kuɗi ba, ko ruwan leda ne ka kai ma marayun unguwarku.

Masu ɗora hotunan gawa a Facebook kuma don Allah ku bari, innarmu har yau ba ta son taɓa waya.

Daga wata mai karatunku, Mabera, Sakkwato.