Sallar bana a cikin taɓo

Niyok, Lahadi 11 ga Agusta 2019

Assalamu alaikum Baba da Inna. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana.

An sauko daga idi a unguwar Bronx, kowa ya kama gabansa. Kuɗin layyata suna hannun mahauci tun makon jiya, sai gobe ko jibi za a miƙo mini naman a leda da sanyin firji. Ragon ma ban gan shi ba. Kun riga mu da awa biyar, don haka ina ɗaura alwala na san Baba ya yanka, hanta tana kan garwashi. Ita ta hana ni sukuni yau. Yadda Baba ke yayyanka ta da 'yar wuƙarsa, ya barbaɗa yajin Inna, ya bi mu tsoka ɗai-ɗai daga babba zuwa ƙarami, tana ƙona yatsa. Akwai hanta a kanti a nan, amma wa zai raba?

Da zaman ɗaki ya ishe ni, sai wani Bature abokin aikina ya ce in raka shi kallon tsuntsaye. Kallo zalla, Inna, babu harbi babu tarko! Wurin sunansa Jamaica Bay, gandun gwamnati ne a bakin teku, dab da filin jirgin Kennedy, shiga kyauta. Akwai wani tafki da suke rage wa ruwa da gangan duk irin wannan lokaci don taɓo ya fito. Sai teku ta cika ta shanye gaɓa tsuntsayen ke tururuwa can, shi ya sa kowa ke duba lokacin cikarta kafin ya fito. Na tarar da dattawa da furfura, takalmin roba har gwiwa, madubin hangen nesa a wuya, ana magana da raɗa kamar gidan makoki. Ni ma na naɗe shaddar Sallah na bi sahu.

Tsuntsun da suka fi zuba wa ido ɗan toka-toka ne, bai fi giram 30 ba. Daga arewacin Kanada yake, inda ya yi ƙwai. Nan zango ne: zai yi ta caccakar laka yana ci har ya kusa ninka nauyinsa, sannan ya ƙetare teku zuwa Suriname da Brazil, fiye da kilomita 3,000 bai sauka ba. Wallahi a wurin nan shi kaɗai na ga yana cin Sallah.

Na ba abokin labarin zakaran ƙeƙuwa da muke kora da danƙo a bakin Binuwai, ƙasan gadar Garwa. Ya nemo hotonsa a waya, ya ce zai iya biyan kuɗin jirgi don ya gan shi. Ku gaya wa Auta ya ajiye danƙon.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Yaya da maigidanta. Goggo kuwa a je har ɗakinta a durƙusa a madadina, a tambaye ta ƙafar, a ce goron Sallarta yana cikin saƙon da na turo, kada kowa ya taɓa. Kaka, matata ta kaina, na ji an ce kin sami sabon miji tun da na tafi, to a shirya mini sadakina. Malam liman da maƙwabta duk ina gaisuwa.

Inna, in an sami mai zuwa, yaji gwangwani biyu.

Ɗanku