Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa.

Da kuɗin wata zan fara, don in na bar shi ƙarshe na san wasu ba za su karanta har can ba. Mu 46 ne a rajista. Waɗanda suka biya wata 12 cif mutum 11 ne, wasu 14 suka biya rabi da kwata, sauran kuwa ko sisi. Naira 1,000 ce fa a wata. Tun da Ma'aji ya tafi bautar ƙasa littafin ya dawo hannuna, ba don na roƙa ba. Na tura saƙo, na kira, na taka har gida. Akwai wanda ya hango ni a Ƙofar Nassarawa ya faɗa lungu, ya san kansa.

Taron wata mun yi 9, uku ba su yiwu ba.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne wasan ɗan mahauci, wasan rawar zamani da muka gabatar, inda motsin jiki ke ba da labari ba baki ba. Kun tuna gardamar da aka sha kafin a amince da shi. Wasu suka ce in Bakano ya ji "rawar zamani", rawar fim ko ta gidan biki zai ɗauka, wa zai zauna minti 40 yana kallon labarin da ba a buɗe baki? Mai koyarwarmu ya dage cewa jiki zai iya, tunda labarin ba baƙo ba ne: saurayi mai ilimi da sana'a ya nemi aure, aka bincika asali, aka ce gidansu gidan fawa ne, magana ta mutu. Haka ake yi wa wanzamai da maroƙa, alhali ranar suna su ake fara nema.

Wata 4 aka yi ana atisaye. Takun ƙafa da ɗaukar juna mun aro daga 'yan Koroso, sai aka rage musu sauri, aka cire nishaɗin. Kiɗan kuwa kalangu ɗaya tal, da yake shi ne kiɗan mahauta tun kaka da kakanni. Farin yadi muka sayo a Kantin Kwari, rabi muka kai marinar Ƙofar Mata aka turo shi a baba, don dangin yarinya su fito da shuɗi, dangin yaro da fari. Maza zalla ne a fagen. Amarya ba ta fito ba sam, mayafi ne a kan kujera ya tsaya a madadinta. Mun san garin da muke, ba mu son abin da zai kai mu gaban Hisba ko hukumar tace fina-finai, kuma daga baya kujerar nan ta fi komai taɓa mutane.

Wanda bai zo ba ya yi asara. Kawunnan yaro suka shigo da ƙwaryar goro, suna taku a hankali. Baffan yarinya ya miƙa hannu aka gaisa, ya juya baya ya goge tafinsa a jikin babbar riga, sau uku, kalangu na bin kowace shafa. Sannan ya sa ƙafa ya fara naɗe tabarmar da baƙin suke kai, suna ja da baya da gwiwa har suka ƙare a kan siminti. Daidai nan aka ɗauke wuta. Kafin a tada janareta 'yan kallo sun kunna fitilun wayoyinsu, makaɗin bai tsaya ba, yaranmu ma ba su tsaya ba. Ni da nake bakin ƙofa riƙe da tikiti sai da tsigar jikina ta tashi.

Da aka tashi, wani dattijo ya riƙe hannun yaron da ya fito a ɗan mahauci, ya daɗe bai saki ba. Washegari ya aiko mana da tsire daga teburinsa. Wani kuma ya tare ni ya ce mun ci mutuncin al'ada. Na ce masa Allah ya ba da haƙuri, amma wanne ne ƙarya a ciki?

Abin takaici, mu da muka yi wasa a kan ƙyama ba mu tsira daga ita ba. Yara 2 iyayensu suka janye ana saura mako 3, wai kada a ce ɗansu ɗan rawa ne. Wannan na fahimta. Wanda ban fahimta ba shi ne ɗan ƙungiya da bai ɗauki benci ba, bai sayar da tikiti ko ɗaya ba, amma ya riga kowa sa hoton wasan a Facebook yana cewa "aikinmu".

Ana ta tambayata bidiyo. Yana hannun mai ɗauka, ya ce sai an cika masa kuɗinsa, kuma da gaskiyarsa. Abin da tikiti ya kawo hayar ɗakin taro da man janareta suka cinye; tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda lita take. Horon 'yan makaranta na dogon hutu bai yiwu ba, rajistar ƙungiya ma tana nan inda muka bar ta bara, lasifika har yau aro muke yi. Kafin a ce kwamiti ya yi barci, a tuna da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rasit na kowace naira yana cikin jakata, mai so ya zo ya duba.

Sashen mata sun nemi a ba su rana da wuri nasu, da 'yan kallo mata zalla. Kwamiti ya amince, saura kuɗin haya.

Taro na gaba Asabar ta farko bayan Sallah, bayan la'asar, a inda muka saba. Za a zaɓi sabon Ma'aji, kuma ina roƙon kada kowa ya ambaci sunana. Mai bashin wata 6 zuwa sama ya taho da ko rabi ne, in ba haka ba Shugaba ya ce a karanta sunaye.

Naku,
Sakatare