A bar wa kifi darensa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka saboda wani abu da ke yawaita a gidajen kiwon kifi na Yamai, daga Saga har Gudel: fitilar sola a rataye bisa kwami tana ci tun magariba har asuba, sannan a zuba wa tarwaɗa da karfasa abinci lokaci guda, sai ka ce halinsu ɗaya. Wannan asara ce, kuma tana damunmu.

Kifi yana da agogo a jikinsa. A saman ƙwaƙwalwarsa akwai wata ƴar halitta mai jin haske. In duhu ya yi sai ta saki sinadarin melatonin, in gari ya waye ta tsaya. Da wannan jiki ke gane lokacin kiwo da na hutu. A Yamai yini bai wuce awa 11 da ƴan mintoci ba a Disamba, a Yuni kuma bai cika awa 13 ba, don haka kifinmu ya saba da haske rabi, duhu rabi. Fitilar kwana tana rikita masa wannan lissafi.

Karfasa da ido take kiwo, ta rana ce. Amma kada a ba ta abinci da sassafe. Gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tana samar da iskar oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, shi ya sa iskar ke yin ƙasa ƙwarai gab da asuba. Wanda ya leƙa kwami a lokacin zai ga karfasa sun taso sama, baki buɗe, suna haki. Kifin da ke haki ba ya ci, abincin sai ya nutse ya ruɓe, ya ƙara cinye ƴar iskar da ta rage. A jira ƙarfe 9 na safe a ba wa karfasa abinci, a sake ba ta wajen ƙarfe 4 na yamma.

Tarwaɗa kuwa ta dare ce. Idonta ƙarami ne, da gashin bakinta take laluben abinci, kuma tana iya tasowa ta shaƙi iskar sama, don haka ƙarancin iskar dare bai cika hana ta ci ba. Masunta sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke kafa mamari, wato igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da yamma su duba da asuba. Ga lissafi: tarwaɗa 1,000 masu giram 200 kowace, kilo 200 ke nan. Kashi 3 cikin ɗari na nauyinsu shi ne kilo 6 a yini. A ba da kilo 2 da hantsi, kilo 4 bayan magariba, a watsa kaɗan-kaɗan, in sun daina wawaso a tsaya.

Inda haske ya fi ɓarna shi ne wajen ƴaƴan tarwaɗa. Gudun haske suke yi, su cunkushe a kusurwa, su yi ta cizon juna, manya su haɗiye ƙanana. A rufe kashi biyu cikin uku na kwaminsu da zana, a riƙa ware manya daga ƙanana duk mako.

Wasu kan ce fitila tana jawo ƙwari kifi ya samu na banza. Gaskiya ne, amma awa ɗaya ko biyu bayan isha'i sun isa. In don ɓarayi ne, a juya fitilar ta haska ƙofa da katanga, ruwa ya zauna cikin duhu. Haka nan mai gadi ya daina dallara tocila cikin kwami: tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, in ta firgita ta bugi siminti sai fata ta kurje, ciwo ya shiga.

Da hunturu, in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20, cin kifi yana raguwa sosai. A lokacin a rage abincin, na tarwaɗa ma a dawo da shi la'asar, kafin ruwa ya huce.

Wassalam.
Daga wasu masu kiwon kifi, Yamai