A Buɗe Wa Malaman Zanenmu na Ƙetare Hanyar Dawowa Ɗakin Aiki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani rukunin malamai da ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen ƙwararrun da suka bar ƙasar nan. Kullum likitoci da injiniyoyi ake lissafawa, alhali akwai masu zane da masu sassaƙa da masana tarihin fasaha da suka shafe shekaru suna koyar da aikin hannu a jami'o'in Amurka da Ingila. Na daɗe ina koyar da zane a makarantar sakandare, kuma abin ya dame ni, domin tushen labarin nan yana Zariya.

A 1958 ne wasu ɗalibai na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawa ne, manhajar ma ta Ingila ce, sai suka ce za su karɓi dabarar Bature amma su yi aiki da abin da suka gada a gida. Bayan yaƙin basasa Okeke ya kai wannan ra'ayi Jami'ar Nsukka, inda aka raya zanen uli na matan Ibo, kuma daga can ne aka yaye da yawa daga cikin waɗanda duniya ta sani a yau. Obiora Udechukwu ya koma Jami'ar St. Lawrence a jihar New York a 1997. Olu Oguibe ya koyar a Jami'ar Connecticut. Chika Okeke-Agulu, wanda ya haɗa zane da nazarin tarihinsa, farfesa ne a Princeton, kuma littafin da ya fitar a 2015 ya ba ƙungiyar Zariya matsayi babba a tarihin fasahar zamani ta Afirka. Haka ma dele jegede, wanda ya gama karatun zane a Zariya a 1973, ya yi digirin digirgir a Indiana, daga baya ya koyar a jami'o'in Amurka.

Ban ga laifin ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk wanda ya rayu bayan 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, ya san yadda fenti da buroshi da takardar zane, waɗanda duk daga waje ake shigo da su, suka fi ƙarfin albashin malami, ga yajin aiki, ga matsin mulkin soja a kan malaman jami'a. Mutumin da aka ba ɗakin aiki da kayan aiki da hutun bincike a wata ƙasa ba zai ƙi ba.

Abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne bambancin asarar. Idan masanin tarihi ya tafi, littafinsa yana iya dawowa, ɗalibi a Samaru zai iya karanta shi ko da ta intanet ne. Malamin ɗakin aiki kuwa iliminsa a hannunsa yake. Ɗalibi yana koyo ne ta tsayawa kusa da shi, ya ga yadda yake riƙe buroshi, yadda yake cuɗa yumɓu har ya san ya yi laushin da ake so, da lokacin da yake ɗaga hannu ya ce aiki ya isa haka. Bahaushe ya san wannan tun fil azal, domin ba a taɓa koyon rini a Ƙofar Mata ko ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga ta hanyar wasiƙa ba, sai yaro ya zauna gaban maigidansa shekara da shekaru. Malami ɗaya irin wannan idan ya tafi, to ɗalibai na shekaru ashirin sun rasa wanda zai gyara masu hannu.

Tarihinmu kuma ya nuna mana ribar da ake samu idan malami ya ƙetare iyaka ya zauna. El Anatsui mutumin Gana ne, ya zo Nsukka a 1975 ya koyar da sassaƙa fiye da shekaru talatin, kuma a can ya ƙirƙiro manyan ayyukansa na murafun kwalabe da suka kai shi ga lambar girma ta baje kolin Venice a 2015. Michael Cardew ya zo daga Ingila ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita kuma daga baya ta zagaya Turai da Amurka tana gina tulu a gaban ɗalibai. A 1974 wata 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo ta koyi ginin hannu a wurinta, kuma wannan ɗaliba ta zama farfesar ginin tukwane a Farnham ta Ingila. Hannun Ladi Kwali, matar da ke jikin takardar naira 20, ya isa ɗakunan aikin Ingila ta wannan hanya, mu kuwa yaranmu da yawa sunanta kawai suka sani.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin 'yan Arewa a cikin wannan sahu. David Heathcote, Baturen da ya koyar a Zariya, shi ne ya yi zurfin bincike a kan ɗinkin rigunan Hausa, ya kuma shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ya yi aiki nagari, amma ya kamata a ce zuwa yanzu muna da namu 'ya'yan da ke koyar da zayyana da rini da gini irin na Babban Gwani, shahararren maginin Zariya, a manyan jami'o'in duniya, kuma hakan ba zai yiwu ba muddin iyaye suna kallon sashen zane a matsayin wurin wanda ya rasa gurbi.

Saboda haka ina kira ga sassan zane na jami'o'inmu da hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantu, su ware kuɗi don gayyato waɗannan malamai su yi zango guda, ko makonni shida na hutun bazararsu, a cikin ɗakin aiki tare da ɗalibai, domin laccar yini ɗaya a babban zaure ba ta gyara hannun kowa. Gidauniyar Carnegie ma ta fito da shirin ɗaukar nauyin malaman Afirka mazauna Amurka da Kanada su zo jami'o'in gida na ɗan lokaci, kuma an saka Nijeriya cikinsa, bisa sharaɗin jami'ar ce za ta nema. Idan baƙon ya zo, a haɗa shi da marina da maɗinka da magina na cikin gari, a biya su kamar yadda za a biya shi, su yi aiki a ɗaki ɗaya ɗalibai suna kallo.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani tsohon malamin zane,
Zariya.