Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Game Da Akwatin Kariyar Tsawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne tun damina ba ta sauka ba, domin mu sanar da ku gyaran da muka yi wa akwatin kariyar tsawa da muke haɗa muku tare da sola, mu kuma roƙi masu tsohon samfuri su ba mu dama mu canza musu.

A cikin akwatin akwai ɗan bututun tangaran da bai fi kan yatsa girma ba, ƙarafa biyu na fuskantar juna a cikinsa da 'yar rata a tsakani, an cika shi da iskar gas irin ta agon ko niyon, an liƙe shi ruf. Matuƙar ƙarfin wuta bai wuce ƙa'ida ba, gas ɗin ba ya barin komai ya ratsa. Da zarar tsawa ta faɗi kusa, ƙarfin ya yi sama, sai tartsatsi ya ƙetare ratar, ya karkatar da wutar zuwa sandar da aka binne a ƙasa kafin ta isa inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida. Tun a 1889 masanin Jamus Friedrich Paschen ya nuna cewa matakin da tartsatsin ke tashi ya rataya ne a kan matsin gas da faɗin rata a haɗe. Iskar sarari tana buƙatar kimanin bolt 3,000 a kowace milimita, kuma laimar damina da ƙurar hunturu suna sauya halinta. Shi ya sa ake liƙe bututun, domin ya tashi a matakin da aka tsara masa.

Ga inda muka yi kuskure. Idan tartsatsin ya kama, bolt 20 ko ƙasa da haka ya ishe shi ya ci gaba da ci, ko da tsawar ta wuce. Wutar layin gari tana saukowa sifiri sau 100 a daƙiƙa, wanda ke ba shi zarafin mutuwa, amma wutar farantan sola miƙaƙƙiya ce, ba ta saukowa, don haka tana iya ci gaba da ciyar da shi har akwatin ya ƙone. A samfurinmu na farko mun sa bututun shi kaɗai a ɓangaren farantan. Laifin namu ne, ba na mai ƙera bututun ba, kuma abin ya dame mu ƙwarai. Yanzu mun jera shi da faifan baristo, wani ɗan faifai da ke barin wuta ta wuce idan ƙarfinta ya yi yawa, ya kuma datse ragowar wutar bayan tsawa, shi kuma bututun yana hana wuta yoyo ta cikin faifan, yoyon da ke tsufar da shi da wuri.

Muna roƙonku kada ku sa a sauya bututun da na kasuwa bisa lambar da ke jikinsa kawai. Wani zai ga an rubuta 230 ya zaci na wutar gida ne, alhali wutar gida mai bolt 230 tana kaiwa 325 a ƙololuwarta, wato bututun zai tashi ba tare da tsawa ba. Haka kuma kowane tartsatsi yana cin ƙarafan kaɗan, ya watsa ɓurɓushinsu a bangon tangaran, har matakin tashin ya kauce, shi ya sa muke auna shi kowace shekara, mu auna sandar ƙasa tare da shi, tun da ƙasar da rani ya busar ba ta karɓar wuta yadda ya kamata.

Wajibi ne mu faɗi cewa akwatin bai isa ya tare aradun da ta sauka kan ginin kai tsaye ba. Wannan aikin sandar saman rufi ne.

Canjin kyauta ne, ba kuɗin kaya ba kuɗin aiki. Ku kira lambar da ke kan rasidinku mu sa rana, kuma kafin ma'aikacinmu ya iso, idan hadari ya haɗo, a kashe makunnin da ke tsakanin farantan da akwatin.

Wassalam.
Naku,
Shugaban kamfani, a madadin dukkan ma'aikata